Gajeren Bututun Mero

Duk wanda ya taɓa bin lungun da ya ratsa bayan masallacin unguwa, can ciki da Ƙofar Galadima, ya san gidan Mero mai shinkafa ko da idonsa a rufe, don hanci ne ke kai mutum. Shekara goma sha tara ke nan tana turara shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a bayan gidan mahaifinta. Duro ɗaya na ruwa a kan murhu, biyu na shinkafa a gefe, tururi na bi ta fayif yana shiga cikinsu. Makamashinta ɓuntu ne, ƙaiƙayin da injin casa ke zubarwa, kuma wanda ya san ɓuntu ya san ba ci da wuta yake yi ba, gunaguni yake yi. Hayaƙinsa mai kauri ne, ga ƙiwar tashi sama. Da ya fito daga ɗan bututun da ke jingine da katanga sai ya karkata ya sauka gidan maƙwabta kamar an aika masa goron gayyata.

Gidan da yake sauka na Alhaji Ɗahiru ne, mai shagon yadi a kasuwa. Shekara da shekaru ba wanda ya ce uffan, sai bana da ƙirjin mahaifiyarsa Hajiya Radiya ya soma ba ta wahala. Sau biyu ana kwasar ta zuwa asibiti numfashi na sarƙe mata. A karo na biyu likita ya tambayi ko akwai hayaƙi kusa da inda take zama. Alhaji Ɗahiru bai zame ko'ina ba daga asibitin sai ƙofar gidan mai unguwa.

Ranar Asabar aka zauna a zauren mai unguwa Malam Shehu. Mero ta zo da mayafinta ta zauna daga bakin ƙofa, ta saurari ƙarar har ƙarshe, ba ta musa ko kalma ɗaya ba. Ina za ta musa? Hajiya Radiya ce ta yi mata kitson aure, ita ce kuma ta riƙe ta ranar da mahaifiyarta ta rasu. Tarin tsohuwar nan in ya tsallako katanga, har cikin ranta take jin sa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "in na ƙara wa bututun tsawo fa?"

"Ki ƙara ya je ina?" in ji Malam Shehu. "Wayoyin lantarki ne a kan katangarki. Kamu biyu kika ɗaga shi ya taɓa su, kin ƙone mana unguwa."

Sannan ya yanke hukuncin da a ganinsa babu wanda aka zalunta. Mero ta kashe wutarta daga yau zuwa Alhamis. In Hajiya ta sami sauƙi a kwanakin nan, to ta tabbata murhun ne ke cutar ta, sai a rushe shi. In ba ta samu ba, Mero ta ci gaba da sana'arta. Dattawa suka gyaɗa kai suna yaba adalcinsa.

Mero ta yi godiya ta tashi. Wane irin gwaji ne wannan da kowa ya san amsarsa tun kafin a fara? Ai dole Hajiya ta ji sauƙi in babu hayaƙi, ba sai an jira Alhamis ba. An dai ba ta kwana biyar ne ta zauna ta naɗe hannu tana jiran a zo da diga. Da murhun nan ta aurar da 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta, da shi take riƙe da tsohonta, mata huɗu kuma na cin abinci a gindinsa. Ta isa gida ta yayyafa wa wutar ruwa da hannunta, ta tsaya tana kallon tokar na huci har ta yi shiru.

Mahaifinta Baba Bahago na zaune kan buzunsa a inuwar darbejiya. Ya doshi tamanin, kuma kunnuwansa sun daɗe da yin ritaya, sai an sa baki a na hagun an ɗaga murya yake tsintar wani abu. A ƙuruciyarsa fayaman ne a reluwe, wato mai zuba wa kan jirgin ƙasa kwal, zamanin da jirage ke tafiya da tururi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wannan aiki da hannun hagu kafin a kawo jirage masu shan gas a mayar da shi gadi. Labaran loko, inda ake kwantar da kawunan jirage, ya ba da su har jikoki sun haddace. Da ya ce "wata rana mun taso daga Ƙaura" sai ka ga kowa ya tuna yana da aiki a wani wuri.

"Uwata," ya kira ta, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "me ya kashe wutar da rana tsaka?"

Ta durƙusa ta yi masa bayani da ƙarfi a kunne, har zancen wayoyin da suka hana bututu tsawo. Ga mamakinta sai tsohon ya fashe da dariya, irin wadda ta rabu da ji daga bakinsa.

"Tsawo? Kan jirgin da ke jan tarago ashirin, bututunsa bai kai tsawon hannuna ba. Gada ba ta bari, ƙofar loko ba ta bari. Amma wace wuta kika taɓa gani da ta kai tasa ci?"

Da wata rana ce da ta ce "haka ne, Baba" ta tashi. Yau ba ta da wurin zuwa, sai ta zauna.

"Tururin da ya gama tura ƙafafun jirgi ba a zubar da shi a banza," in ji shi, yana zane a ƙasa da sandarsa. "A tara shi a fayif, a tsuke bakin fayif ɗin, a saita shi daidai ƙarƙashin bututu cikin rufaffen akwati. In ya fito da ƙarfi ya haura, sai ya ja hayaƙin da ke kewaye da shi su fice tare. Hayaƙi ya fita, iska ta shigo ta ƙasan wuta ta maye gurbinsa. Wuta ta ci, ruwa ya ƙara tafasa, tururi ya ƙaru, ya ƙara ja. Fuf-fuf ɗin nan da kuke kwaikwayo kuna yara, jirgi ne ke ja wa wutarsa numfashi. Kuma wutar da ta ƙoshi da iska ba ta hayaƙi. Mu a lokacinmu fayaman da bututunsa ya yi baƙi, direba har uwarsa yake ambata."

Mero ta juya ta dubi durorinta biyu na shinkafa, da tsofaffin buhunan da take rufe bakinsu da su. Shekara goma sha tara tururi na gama aikinsa yana tsiyayewa ta cikin buhunan nan yana bin iska. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin shekarun da ta yi tana gudun hirar tsohon.

"Baba, zai yi a nan?"

"Ban taɓa gwadawa a kan shinkafa ba," in ji shi. "Kira mai walda."

Ranar Lahadi Mika'ilu mai walda ya iso daga Tukur-Tukur da injinsa a keke napep. Shi ya ƙera mata durorin tun farko, gemunsa ya yi furfura a kan sana'ar, kuma ba ya son a koya masa aiki. Ya yi wa durorin shinkafar murafen ƙarfe, ya haɗa fayif daga kowanne, ya ƙera akwati a bayan murhu inda hayaƙi ke taruwa kafin ya shiga bututu. Baba ya sa ya huda murfin duron ruwa aka ɗora wani guntun ƙarfe mai nauyi a kan hudar, don in tururi ya yi yawa ya ɗaga shi ya fita, kada tukunya ta fashe. Duk wannan Mika'ilu ya yi ba gardama. Da aka zo kan bakin fayif ne aka sami saɓani.

"Baba, abin da ake so ya fita ai buɗe masa hanya ake yi," ya faɗa da ƙarfi. "Kai kuma ka ce in tsuke."

"Tsuke."

"Wallahi kamar bakin buta zai koma."

"Ƙara tsukewa."

Mika'ilu ya dubi Mero ko za ta sa baki, ta ɗauke kai. Ya tsuke yana ƙunƙuni. Daga nan Baba ya ce sai an zura zare mai ɗaure da dutse ta tsakiyar bututun, don bakin fayif ya zauna daidai a ƙarƙashinsa, kada ya kauce ko da faɗin yatsa. Wannan kuwa sai an hau katanga, kuma a birni namiji ba ya hawa katanga sai an sanar da maƙwabta mata sun shige ɗaki. Mero da kanta ta leƙa gidan Alhaji Ɗahiru ta ce za a hau. Da labari ya kai wa Alhajin a shago cewa an ji ƙarar walda an kuma hau katanga, sai ya ce madalla, ta fara kwance kayanta tun kafin Alhamis.

Ranar Litinin da hantsi, bayan maza sun watse kasuwa, Mero ta tsaya gaban murhun da ashana a hannu. Ta san abin da za ta yi saɓa umarni ne ƙiri-ƙiri. Ta san kuma in tsohon ya yi kuskure, a ƙirjin Hajiya Radiya kuskuren zai sauka, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro. Amma in ta jira Alhamis ta nemi izini, wa zai saurari matar da ta zo da zanen sanda a ƙasa da labarin jirgin da ya daina tafiya tun tana yarinya? Ta ƙyasta.

Da gawayi ta fara, don ba ya hayaƙi, har ruwa ya tafasa tururi ya ratsa shinkafa ya soma huci a cikin akwatin. Sannan ta watsa ɓuntu. Hayaƙi ya turnuƙe, ya yi jim, ya dawo mata a fuska ta bakin murhu.

Baba ya tako da sandarsa, ya debi toka ya riƙa saki a hankali kusa da mahaɗin akwatin. Tokar na shigewa ta tsagogin walda. "Yana shan iska ta gefe," in ji shi. "Ta cikin wuta muke so ya sha." Mika'ilu ya riga ya tafi, ƙarfen kuma ya yi zafi. Mero ba ta tsaya shawara ba. Ta kwaɓa jar ƙasa da ɓuntu yadda ake yaɓen katanga kafin damina, ta riƙa mannawa a tsagogin da tafin hannunta, ƙarfe na cin yatsunta tana cije leɓe. Tana toshe tsaga ta ƙarshe sai ta ji murhun ya canza murya. Hayaƙin da ke bakin ƙofa ya juya ya koma ciki da gudu, wutar ta miƙe ta yi fari, tana ruri.

Murnarta ba ta yi minti ɗaya ba. Ta ɗaga kai ta ga tartsatsi na fita daga bututun, jajaye, suna tashi suna saukowa kan katangar Hajiya inda ake shanya. Ta yi wuf ta buɗe murfin duro guda, tururi ya watse, rurin ya mutu. Ta tsaya tana saurare ko za ta ji ihu daga maƙwabta, ba ta ji komai ba.

Baba Bahago ya dubi bututun. Sannan ya ce, a hankali, "Laifina ne. Na tsuke shi kamar kwal zan ƙona. Kwal dutse ne, yana zaune inda ka jefa shi. Wannan abin naki ba shi da nauyi, ja kaɗan ya tashi." Ya murmusa. "Kada ki faɗa wa mai walda."

Da ƙarfen ya huce, shi da kansa ya zauna da zarto yana buɗe bakin fayif ɗin kaɗan-kaɗan, yana aunawa da ɗan yatsansa. Mero ta yanko ragar tsohuwar rariyar ƙarfe aka shimfiɗa a cikin akwatin don ta tare tartsatsi. Da azahar suka sake gwadawa. Wannan karon wutar ta ci ba ta yi hauka ba, kuma abin da ke fita daga gajeren bututun farin tururi ne siriri, yana harbawa sama ya wuce wayoyi kafin ya narke.

Daga ranar ba ta sake barin wutar ta mutu ba. Da yamma takan lulluɓe garwashin da toka yadda Baba ya ce ake yi wa kan jirgi a loko, ya kwana da ransa, da safe ruwa na nan da zafinsa, tururi ya taso kafin ta zuba ɓuntun farko. Kullum kuma sau biyu take shiga gaida Hajiya Radiya. Gaisuwar ta baki ce kawai, kunnenta na kan ƙirjin tsohuwar, kuma ta yi wa kanta alkawarin tari ɗaya ta ji za ta koma ta kashe wutar. Hajiya ba ta yi tari ba. Ranar Talata dai ta kama hannun Mero ta juya shi, ta dubi ƙunar da ke yatsunta, ta ce ta shafa man kaɗanya.

Ranar Alhamis bayan la'asar Malam Shehu da Alhaji Ɗahiru suka yi sallama a zauren gidan. Alhajin bai zo da faɗa ba, har da tausayi a fuskarsa.

"Mero, ba don ƙiyayya ba ne, Allah ya sani," in ji shi. "Amma magana ta fito fili. Tun da aka kashe wutar nan Hajiya ba ta yi tari ba. Jiya da ƙafarta ta je gidan suna."

"Alhamdu lillahi. Ranar Litinin fa, Alhaji, yaya ta wuni?"

"Lafiya ƙalau."

"Talata da Laraba?"

"Na ce miki ko sau ɗaya."

"To ku shigo," in ji ta.

Suka ratsa tsakar gida suka zagaya baya, suka tsaya cik. Wuta na ruri a murhu, shinkafar da aka sauke tana shanye a tabarmi tana tururi, Baba Bahago na zaune kan turmi kusa da tulin ɓuntu yana kallon bakin bututu.

"Kwana biyu na bi umarninka, ranka ya daɗe," in ji Mero. "Tun ranar Litinin take ci, ba ta mutu ba ko na awa ɗaya."

Fuskar Malam Shehu ta haɗe. "Wato maganata kika taka."

"Na taka. Da ban taka ba, da yanzu kuna rushe shi kuna cewa an yi adalci."

Alhaji Ɗahiru bai dubi bututun ba ma. Muryarsa ta yi ƙasa, kuma ta fi ihu zafi. "Da ƙirjin uwata kika yi gwaji."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. "Da shi na yi," in ji ta. "Ban da wata hanya, kuma ban ce na kyauta ba. Amma ka shaida da bakinka yanzun nan."

Alhaji Ɗahiru ya waiga ya ga bokitin ruwa a gindin rijiya, ya sunkuce shi. Mero ta taka ta tsaya a bakin murhun, zafin wutar na dukan bayanta, ta riƙe ƙugu.

"Zuba, Alhaji. A kaina zai fara sauka."

Baba bai ji ko kalma ɗaya daga abin da ake faɗa ba, amma ya ga bokiti ya ga tukunya mai zafi, kuma wannan ya ishe shi. Ya miƙe ya gitta sandarsa. "Kai, yaro, ruwan sanyi a kan wannan? So kake ta tsage ta dafa mu gaba ɗaya?"

Ana cikin haka wata murya ta tsallako katanga, siririya amma ba ta sarƙe ba. Hajiya Radiya ce, wadda ba ta kiran sunan ɗanta na fari.

"Alhaji, ajiye bokitin mutane. Tun ranar Litinin nake zaune a nan ina kallon farin abin nan yana wuce wayoyi. Ni ba makauniya ba ce, kuma ba kurma ba ce. Ƙirjin nawa ne, in ya dame ni ina da baki."

Alhaji Ɗahiru ya dire bokitin, ruwa ya fantsama masa a takalmi. Malam Shehu ya matsa kusa da murhun, ya leƙa wutar, ya ɗaga kai ya bi tururin da ido har inda ya ɓace. Ya shaƙi iska sau biyu yana neman abin da zai kama, bai samu ba.

"Duk ranar da hayaƙi ya sake sauka gidan can," in ji shi, "ba zan kira zama ba, da diga zan zo. Gobe kuma ki zo zaure gaban dattawan da aka yi maganar nan da su, ki ba da haƙuri."

"Haƙuri zan bayar, ranka ya daɗe, sau nawa kake so. Wutar ce ba zan kashe ba."

Suka fita. Sai da ta ji sun bar zaure sannan ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Baba ya dafa kafaɗarta ya sunkuyo da kunnensa na hagu.

"Uwata, me suka ce?"

Ta dubi wutar, ta ga ta soma ja da baya ta gefe guda. Ta jawo shebur ta sa masa a hannun hagu, ta kai bakinta kunnensa.

"Sun ce a ƙara ɓuntu, Baba."